Iya ta ce ta gaji da gaisawa da gilashi

Maman Sadik, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah kada a mayar da abin raha. Yayanmu, babban gidanmu, yana Malesiya yau shekara huɗu ke nan bai tako ƙasar nan ba. Karatu ya kai shi, ya gama, ya samu koyarwa ya zauna da matarsa da yara uku. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, kuɗin cefanen Iya ba ya yankewa, kuma duk Juma'a sai ya kira ta bidiyo. Ni ce mai riƙe waya. In an sauko daga masallaci zan hau Keke in shiga cikin garin Zariya, in tarar da ita a Kwarbai, in jawo mata kujera 'yar tsuguno zuwa bakin rijiya don nan ne kawai sabis yake kamawa sosai a gidan. Ƙarfe uku a nan, su goma na dare a can, don sun riga mu da awa bakwai. To Juma'ar da ta wuce wayar na ta ruri a hannuna, Iya ta ci gaba da tsince shinkafarta, ta ce, "Ki ce masa na gaji da gaisawa da gilashi." Sau uku ya kira. Yanzu shi ma ya yi fushi, wai ba a ganin ƙoƙarinsa, wai na san kuɗin jirgin mutum biyar kuwa? Ni na rasa wanda zan ba haƙuri.

Ɗan Sabon Gari: Wa'alaikumus salam. Hajiya ai maganar ba ta da tsawo. Zumunta a ƙafa take, ba a data ba. Ya zo ya ga uwarsa.

Abu Fatima, Jidda: Ɗan Sabon Gari, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da za ka hau mashin ka je Ƙofar Gayan cikin minti ashirin, sauƙin faɗa ke gare ka. Mu da muke waje, hutu ba a hannunmu yake ba. Sai mai gidan aiki ya sa hannu, sai an buga maka takardar fita da dawowa, sai ka duba iƙamarka ba ta kusa mutuwa ba, sannan a zo maganar tikiti. Kuma in ka zo ba hannu rabbana za ka zo ba, kowa ya san wannan, tun daga goggo har ɗan maƙwabta akwai mai jiran tsaraba. Sau da yawa kuɗin tsarabar ke hana mutum zuwa, ba kuɗin jirgi ba. Ni kullum bayan Isha'i nake ganin mahaifiyata a manhajar kiran bidiyo ta IMO, na san ranar da ƙafarta ta kumbura, na san ranar da ta yi lalle. Ƙanin kakana da ya zauna a Makka, kaset ake ɗaukar masa. A tara gida a zagaye rediyo, kowa ya yi gaisuwa, a ba alhazai su kai masa, amsa sai baɗi. Aka yi rasuwa a gidan bai ji ba sai bayan wata bakwai. Wanda ya san wancan ba zai raina wannan ba.

Ɗan Sabon Gari: Ban raina ba Alhaji. Amma shi ƙanin kakan naka bai taɓa cewa kaset ya isa ba.

Baba na Gyallesu: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni na ga zamanin wasiƙa, na ga mai rubuta wa mutane wasiƙa yana zaune da teburinsa a bakin gidan waya, tsohuwa tana faɗa yana rubutawa, ta ce "ka gaya masa ina gaishe shi da kyau da kyau." Na ga zamanin wayar tangaraho, da sai ka je gidan wani mai hali ka jira a kira ka. Wayar hannu ta shigo 2001, layi kaɗai a lokacin ya fi ƙarfin albashina na wata, sai dai mu je ƙarƙashin lema mu yi kira naira hamsin minti ɗaya, kana magana kana kallon agogo.

Lokacin da nake aiki a Legas, in na yi wata shida ban ga gida ba har zazzaɓi nake yi. Babu abin da zai kwantar da wannan sai jirgin ƙasa ko motar dare. Kewar ita ke koro mu gida. To abin da na lura da shi a kan 'ya'yana shi ne, wannan kiran yana kashe ƙishirwar wanda ya tafi, amma ita wadda aka bari ƙara mata yake yi. Shi ya ga uwarsa, ya ga tana tsaye da ƙafarta, hankalinsa ya kwanta, ya kashe waya ya yi barci. Ita kuma ta ga ya rame ko ya yi furfura, ba ta da halin ta miƙa masa ko kofin fura, aka katse, ta koma ɗaki da wannan hoton har wata Juma'ar. Ni ina ganin Iyarku ba kiran ta ƙi ba. Ta gane cewa muddin tana ɗauka, ba shi da dalilin zuwa.

Maman Sadik, Tudun Wada: Baba wallahi kamar kana gidan. Bayan kowane kira sai ta yi shiru har Magariba.

Bakano mai atamfa: Ni dai abin da ya ba ni mamaki, ashe har akwai sabis a cikin ganuwar Zariya? Na ɗauka har yanzu kan Kufena kuke hawa ku ƙwala wa juna kira.

'Yar Kongo: Ga shi nan ya zo. Bakano, mu da muka koya muku karatu. Je ka auna yadinka, manya na magana.

Bakano mai atamfa: Tuba nake ranki ya daɗe. Amma da gaske, Maman Sadik, shi yayan naku shi ne ɗan fari?

Maman Sadik, Tudun Wada: Shi ne.

Bakano mai atamfa: To ai ga inda gizo yake saƙa. Ku Zage-zagi da kunyar ɗan fari, ta yaya za a manna wa tsohuwa fuskar ɗanta na fari a tafin hannu a ce ta yi ta kallo?

Maman Sadik, Tudun Wada: Kai, Bakano yau ka yi abin kai. Tunda nake ban taɓa jin Iya ta kama sunansa ba, "mai sunan Malam" take cewa. Da yana gida, in ya shigo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita tana kallon wani wajen tana amsawa, a haka za su yi hirar awa guda, ta gefe-gefe. Yanzu kuwa in na miƙa mata wayar, fuskarsa ce cike da gilashin, ido cikin ido. Sai ta kifar da ita a cinya, ko ta ɗaga sama, shi ya yi ta kallon reshen darbejiya yana cewa "Iya ba na ganinki." Ni kuma in gyara, ta sake karkatarwa. Na ɗauka rashin iya riƙewa ne.

'Yar Kongo: Ba rashin iyawa ba ne. Ni surukata ce ta ba ni aiki. Ta yaya ake gaida suruka ta bidiyo? In na durƙusa na fita daga hoton, in na zauna daidai kamar na yi mata tsaye. Daga ƙarshe kan firij nake jingina wayar, in ja baya in durƙusa a tsakar ɗaki, ita tana can Minna tana hango ni ƙarama kamar 'yar tsana. Yarana dariya suke yi har da faɗuwa.

Malam na Kusfa: Bismillah. An yi mini alama a maganar, ga ɗan abin da ya sawwaƙa. Shari'a ta yi umarni da sada zumunci amma ba ta ƙayyade masa siffa guda ba, shi ya sa malamai suka ce ana komawa ga al'ada da halin mutum. Na nesa yana sadarwa da wasiƙa, da aike, da kira, kuma yana da ladansa in sha Allah. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda yake son a yalwata masa arziki a kuma yi masa jinkirin ajali, to ya sada zumuncinsa. Don haka kada wani ya ce wa yayan nan ya yanke zumunci, bai yanke ba.

Sai dai uwa ba a sahun sauran dangi take ba. A cikin littattafan nan biyu akwai mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, ya ce to a kansu zai yi nasa jihadin. Ma'aunin a nan ba yawan kira ba ne, yardarta ce. In ta ce kiran ya ishe ta, ya isa. In ta ce bai ishe ta ba, kuma yana da iko ko da shi kaɗai ne ba tare da iyali ba, to lissafin mutum biyar ba hujja ba ce. Wa ya ce sai su biyar?

Sannan tunda an taɓo maganar, ina roƙon jama'a a daina haska fuskar mamaci ta waya don na nesa ya gani. Na ga ana yi a gidajen rasuwa, har wani ya ɗauki hoton gilashin ya ajiye, gobe ka gan shi yana yawo. Mamaci yana da alfarma.

Ummu Hanan, Ingila: Malam Allah ya ƙara ilimi, na yarda da maganar mamaci ɗari bisa ɗari. Amma ina so in faɗi nawa, don kada a tashi a nan ana ganin abin nan wasan yara ne. Mahaifinmu ya rasu a 2020, tsakiyar kullen korona. Ba jirgi, ba hanya, ko 'yan uwana da ke Abuja ba su samu shigowa ba don an rufe tsakanin jihohi. Ni ina aikin jinya a nan, ina kula da iyayen wasu, nawa yana kwance a Zariya. Mu tara ne a wurinsa. A lokacin WhatsApp bai daɗe da ƙara yawan masu shiga kira ɗaya daga huɗu zuwa takwas ba, sai ya zama kullum mutum ɗaya zai haƙura, muna karɓa-karɓa. Daren da zai cika ni aka bar wa gurbi. Ba ya iya magana sosai, ƙanina ya kara masa wayar a kunne, na yi ta karanta masa abin da ya koya mini da bakinsa ina yarinya. Na ga leɓensa yana motsi.

Da safe ƙanin nawa ya sa wayar a aljihun gaban rigarsa bai kashe ba. Ban ga komai ba sai duhu da ɗan haske ta saƙar yadin. Amma na ji kabbara huɗu, na ji takun mutane, na ji ƙarar shebur. Ina zaune a ƙasan ɗakin canza kaya na wurin aiki da rigar aiki a jikina. Wannan ne kawai jana'izar da na samu, kuma ba zan ba da ita a kan komai ba.

Duk da haka, Maman Sadik, ki gaya wa yayanki in ji ni: shekara biyu kafin nan ina da hutu, ina da kuɗin tikiti, na ce bari sai baɗi tunda kullum muna ganin juna.

Baba na Gyallesu: Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. 'Yata kin sa ni hawaye.

Abu Fatima, Jidda: Allah ya gafarta masa. Na yi shiru.

Mai gyaran waya, PZ: Allah ya jiƙan Baba. Ni ba malami ba ne, bari in taimaka ta inda na sani, don rabin faɗan da ake yi a kan kiran nan laifin kayan aiki ne. Tsoho yana magana, hoto ya daskare, murya ta zo bayan daƙiƙa uku, ya yi tambaya a amsa masa wata daban, dole ya ƙosa. Gidajen cikin gari masu katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna danne sabis, shi ya sa kike samu a bakin rijiya. Ki nemi ɗan akwatin intanet na tafi-da-gidanka ki rataye shi a waje inda yake kamawa, ita ta zauna a ɗakinta a kan darduma. Kada ki ba ta wayar a hannu ma, ki jingina ta nesa kaɗan a gefe, yadda shi zai ga ɗakin gaba ɗaya ita kuma ba sai ta kalle shi ba. Wani mai saye a wurina talabijin ya haɗa wa mahaifinsa, tsohon ya ce yanzu ne ya ga jikokinsa da girman mutane.

Maganar kuɗi kuma, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, kowa ya ji a jikinsa. A cikin saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, akwai inda ake kunna rage cin data lokacin kira. Hoton zai ɗan dusashe amma ba zai riƙa yankewa ba. Kuma ku 'yan waje, in kuna turo kuɗin cefane ku riƙa ware na data da na cajin mai riƙe waya. Ita ma ƙanwar nan Keke take biya duk Juma'a.

Abu na ƙarshe, ku ja wa tsofaffi kunne: duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lamba shida da ta shigo ta saƙo, ɓarawo ne. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a bi danginsa ana roƙon kuɗi da sunansa. A satin nan mutum biyu suka zo shagona da wannan kukan. A sa musu lambar sirri ta mataki na biyu.

Ɗan Sabon Gari: Injiniya, Skype fa? Da shi muke kiran wana a shagon intanet a Samaru, ana biyan kuɗin awa.

Mai gyaran waya, PZ: Ya riga mu gidan gaskiya, an rufe shi a watan Mayun 2025. WhatsApp da ya fara kiran bidiyo a ƙarshen 2016 shi ya cinye kasuwarsa a wajenmu. Yanzu har mutum 32 suna shiga kira ɗaya. Sai dai masu 'yan uwa a Dubai, can kiran WhatsApp ba ya tafiya, Botim suke amfani da shi.

Goggon yara, Hanwa: Mutum 32! Wa zai ji wani? Mu ranar Sallah aka gwada, kowa na barka da Sallah lokaci guda kamar kasuwar Tudun Wada. Ni ƙorafina daban ne. Kiran bidiyo shiga gida ne, a riƙa sallama. Mutum yana tsakar gida da ɗaurin ƙirji yana wanki, yaro ya ɗauki waya ya danna, sai ga ƙanin miji da abokansa a cikin gidanka. Ko a kira ka kana kwance ba ɗankwali, in ka ƙi ɗauka a ce kana wulaƙanci. A turo saƙo tukuna a ce "zan kira ta bidiyo", ai ba wuya. Kuma masu yawo da waya a gidan biki suna haska matan mutane wai Anti ta Amurka tana so ta ga kamu, ku ji tsoron Allah.

Malam na Kusfa: Goggo ta yi gaskiya. Neman izini saboda gani aka shar'anta shi.

Bazamfara a Samaru: Ni abin da ya koya mini hankali shi ne Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Iyayena suna Gusau. Dare ɗaya muka koma zamanin da Baba yake ba da labari, sai dai in rubuta takarda in kai tasha in ba direba. A nan na gane ban san lambar gidan kowa ba, ban san direba ko ɗaya ba, duk zumuncin nawa a cikin waya yake. Tun daga lokacin duk wata biyu sai na je, ko da kwana ɗaya ne, in hanya ta yi kyau.

Maman Sadik, Tudun Wada: Na gode ƙwarai jama'a. Jiya na kwana a wajen Iya, na lallaɓa ta har ta faɗi abin da ya faru a kiran da ya gabaci wancan, ni lokacin na shiga duba tukunya. Babban ɗan Yaya, shekararsa tara, sunan mahaifinmu gare shi. Da aka kawo shi gaban waya Iya ta ce, "A'a, angona ne? Ka tafi ka bar ni ba kuɗin cefane, to na fasa auren." Yaron ya yi tsuru, ya juya ya tambayi ubansa da Turanci me take cewa. Uban ya fassara masa, yaron ya ruɗe, wai shi bai yi aure ba. Suka yi ta dariya a can. Iya ta ce ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ce jikan da bai san wasan kaka ba, ranar da ta mutu me zai ce ya rasa?

'Yar Kongo: Wayyo Iya.

Ummu Hanan, Ingila: Wannan laifinmu ne, ba na yaran ba. Nawa ma sai da na sa doka, daga ƙofar gida zuwa ciki ba Turanci. Kuma na daina tsayawa a kansu ina fassara. Ina ba su wayar in fita, su da kakarsu su ƙarata. Tatsuniya take musu, yanzu ƙaramar har "ƙurunƙus" take cewa in ta gama cin abinci.

Abu Fatima, Jidda: Maman Sadik, in ba damuwa ki tura masa duk abin da aka faɗa a nan, har da nawa na farko. Ya karanta na Ummu Hanan sau biyu.

Maman Sadik, Tudun Wada: Na tura masa tun shekaranjiya, bai ce komai ba, alamar ya karanta kawai na gani. To yau da hantsi, ba ma Juma'a ba, sai ga kiransa a ƙaramar wayar Iya mai tocila, kira na murya zalla. Ina daga ɗaki ina jin ta. Ta fi minti arba'in tana magana, har da labarin akuyar da ta haifi uku da rigimar iyakar gona a Dakace. Ban taɓa jin ta sake da shi haka ba tun da ya tafi. Da ta gama na ce me ya ce? Ta ce wai yana duba hutun ƙarshen zango, shi da yaron. Ban sa rai sosai ba, na san Yaya da "ina dubawa". Amma ɗazu ta aika a kira mai gini ya zo ya ga rufin ɗakin soro, wai yana yoyo.

Bakano mai atamfa: In ango zai zo a sanar da ni, atamfar amarya a wuyana. Kuɗi hannu dai, ba na ba Bazazzagi bashi.

Mai gyaran waya, PZ: Hajiya, akwatin intanet ɗin fa, in ajiye miki ko a bari?

Maman Sadik, Tudun Wada: Ajiye mini. Ta ce na yaran za ta ci gaba da ɗauka, shi ne dai ba ta son gani.